Namiji ko mace: sirrin da ke cikin karfasar da muke ci da banku

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Nan bakin titin Nima ne bayan sallar isha'i. Ga Hajiya tana fifita garwashi, ga karfasa jere a kan waya, wadda a nan Ankara, babban birnin Gana, kowa ke ce mata tilafiya, an tsattsaga mata jiki an cusa yaji. Ku ƙirga su. In daga kejin masu kiwo na tafkin Bolta aka kawo su, to cikin goman nan da wuya a sami mace fiye da ɗaya.

Da gangan ne. Macen karfasa a baki take rainon ƙwanta, ta yi kwana goma ko fiye ba ta sa komai a ciki ba, shi kuwa namiji ci kawai yake yi yana ƙiba. Mai kiwo da ke sayen abinci buhu-buhu maza yake so. Saboda haka tun 'ya'yan kifin ba su kai tsawon farce ba ake gauraya musu sinadarin namiji a abinci, mako uku zuwa huɗu, sai waɗanda da mata za su zama su tashi maza. Ko ba magani ma, a ɗumama ruwan zuwa digiri 36 a kwanakinsu na farko, da yawa za su juya.

Gwada haka a kan akuya ka gani. To me ya sa kifi ya yarda?

Mu fara da kanmu. Cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai ƙunshin gado 46, masana na kiransu kuromozom, biyu-biyu suke, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Biyun ƙarshe su ke raba mace da namiji: mace XX, namiji XY. Ga hotonsu nan. X ƙato ne, ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 800. Y kuwa ɗan ƙiris, nasa ba su kai ɗari ba. A cikinsu akwai guda ɗaya, SRY, wadda aka gano a 1990, ita ce makunnin da ke cewa jiki ya bi hanyar namiji.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne X da Y ɗin nan tagwaye ne a asali, tsawo ɗaya, kaya ɗaya. Rabuwarsu ta faro fiye da shekara miliyan 160 da suka wuce. Wanda ya tsaya kan mutum don ya gane yadda aka fara, ya zo kasuwa ne bayan ta watse. A wurin kifi kuwa yanzu ake baje kaya.

Ku dubi wannan kifi mai kumbura kamar talibambam, wanda Japanawa ke kira fugu. A 2012 masu bincike a Japan suka tsefe gadonsa suna neman abin da ya raba namiji da mace. Rubutun gadon nan harafi kusan miliyan 400 ne. Bambancin da suka samu harafi ɗaya tak ne, a cikin wata ƙwayar gado mai suna amhr2. Harafi ɗaya! Ka sa X da Y ɗinsa a madubin likita, ba ka ce ga wannan ga wancan ba. Ikon Allah ke nan. Matakin farko ke nan: kuromozom na gama-gari, ya sami makunni guda a jikinsa, shi ke nan ya zama na jinsi.

Makunnin kuma kowa da inda ya samo nasa. Medaka, ɗan kifin gonakin shinkafa na Japan, kwafar wata tsohuwar ƙwayar gado ya yi, kwafin ya faɗa wani kuromozom daban ya karɓi mulki, an gano haka a 2002. Dangin kifin salmon nasu daga ƙwayar gado ta garkuwar jiki ya fito, abin da ba ruwansa da aure ko haihuwa. Karfasar Nilu, irin da ake kiwo a Akosombo, bakin tafkin Bolta, XY gare ta kamar mu. 'Yar'uwarta shuɗiyar karfasa kuwa ZW take, irin na kaza, inda mace ce ke riƙe da kuromozom iri biyu. Dangi ne na kusa har suna barbara, amma tsarin kowa daban. In ka haɗa macen Nilu da namijin shuɗiyar, 'ya'yan kusan duka maza za su fito, masu kiwo sun daɗe da sanin wannan dabara.

Yanzu mataki na biyu, nan ne nake so mu ɗan zauna.

A ce malam yana da kundi, almajirai biyu suka kwafe shi da hannu. Duk shekara sukan zauna su gwama, inda tawada ta zube a na wannan ya karɓi warƙa daga na wancan. Haka tagwayen kuromozom suke yi duk lokacin da jiki zai yi ƙwai ko maniyyi: su jeru, su yi musayar yanki. Da wannan musaya ake tsince kurakurai.

To sai ga wata ƙwayar gado kusa da makunnin namiji, mai amfani ga namiji, mai cutar da mace. Misali launi. Ɗan kifin nan gufi, da ake zubawa a kwalabar ado, namijinsa ja da ruwan lemo yake yi don ya burge mata. Launin nan a jikin mace ba abin da zai jawo mata sai idon mai farauta. Tun shekarun 1920 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Øjvind Winge, ya lura cewa da yawa daga launukan nan daga uba zuwa ɗa kawai suke bi. Kun ga amfani yana wajen launi ya manne da makunni, kada musaya ta raba su. Wani lokaci yankin kuromozom ɗin juyewa yake yi kai a ƙasa, ya kasa jeruwa da ɗan'uwansa, musaya ta tsaya a wurin.

Masana har gobe suna gardama kan ko launin ne ke hana musayar, ko kuwa musayar ce ke fara tsayawa sannan launin ya tare a wurin. Ni dai a ganina kowanne yana faruwa, ya danganta da kifin. Abin da ba gardama a kai shi ne abin da ke biyo baya. X yana haɗuwa da wani X a jikin mace, ana ci gaba da gwama kundi. Y ba shi da abokin gwamawa. Daga uba zuwa ɗa, daga ɗa zuwa jika, kuskure kan kuskure, warƙa ta yage ba mai mayarwa. A hankali ya zagwanye ya zama irin namu.

A kifaye da yawa ba a kai can. Kafin Y ya lalace, wani sabon makunni ya ɓulla a wani kuromozom ya ƙwace aikin, a koma farko. A tafkin Malawi akwai dangin karfasa da ake samun XY da ZW duka a cikin iri guda, suna kokawar wa zai yi iko. Wani kifi mai zane kamar jakin dawa, da ake ajiyewa a ɗakunan bincike, 'yan'uwansa na kogunan Indiya suna da kuromozom na jinsi, amma na ɗakin bincike sun zubar da nasu cikin 'yan shekarun da suka yi a hannun mutane, kuma haihuwa ba ta tsaya ba.

Mu dawo kan wayar Hajiya. Da yake Y na karfasa bai riga ya zagwanye ba, kifin da ya gaji Y biyu, ba X ko ɗaya, yana rayuwa lafiya lau. A mutum wannan ciki ko kama ba zai yi ba. Yadda ake samunsa: a ɗauki namiji XY tun yana ƙarami a ba shi sinadarin mace har ya yi ƙwai, a haɗa shi da namiji na gaske, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan su fito YY. Wannan gwarzo duk macen da ya yi barbara da ita, kusan duka maza za ta ƙyanƙyashe, ba sai an sa musu magani a abinci ba. Masu bincike na jami'ar Suwansi a Birtaniya da abokan aikinsu a Filifin ne suka yi fice da wannan aiki a shekarun 1990.

Wannan da Hajiya ta juya yanzu, ku matso da kyamara ƙasan cikinsa. Kafa biyu, namiji ke nan, mace uku gare ta. Amma ko XY ne tun asali, ko XX ne da aka juya da abinci a makonninsa na farko, ido ba zai gaya maka ba, harshe ma haka.

Hajiya, sannu da aiki. A ba ni wancan mai ƙaton kai, banku biyu, a ƙara yaji.