Abin da ke kayar da ɗanyen tsiro a wurin renon iri, da yadda ake tare shi

An rubuta wannan daga faifan muryar laccar da wani malamin gona ya yi wa masu garka a Tawa ta Nijar, gab da lokacin zuba irin rani. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayena da ƴan uwana masu garka, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya taɓa renon irin tumati ko tattasai ko shu, wato kabeji, a ɗaki ko ƙarƙashin rumfa ya san abin da zan faɗa. Da dare tsiro na tsaye kore shar, da safe ka tarar wasu sun kwanta, kamar an shaƙe su da zare daidai inda kara ya haɗu da ƙasa. Ganyen bai bushe ba, amma gindin ya sirance, ya jiƙe, ya yi duhu. Kafin kwana biyu wurin da ya mutu ya faɗaɗa kamar faifai. Wani ya ce iri ne marar kyau, wani ya ce sanyi ne. Cuta ce, kuma mafi yawan lokaci daga cikin ƙasa take fitowa.

Masu kawo ta ƙananan halittu ne dangin hunhuna, waɗanda ido ba ya gani. Masana na kiran manyansu Fitiyom, Rizoktoniya da Fuzariyom. Ku riƙe halin biyu daga ciki. Fitiyom ɗan ruwa ne, ƙwayoyinsa iyo suke yi cikin laimar da ke tsakanin ƙasa har su kai ga saiwa, don haka inda ruwa ya kwanta nan ne gidansa. Rizoktoniya kuwa ya fi son ɗumi, zarensa na bin saman ƙasa ya kama wuyan tsiro. Wani lokaci ma ba sa jira tsiro ya fito, a cikin ƙasa suke ruɓar da irin, mutum ya yi ta zargin wanda ya sayar masa. Haɗarin ya fi yawa a sati biyu zuwa uku na farko, kafin kara ya yi ƙwari. Abin da nake so ya zauna muku shi ne, tsiron da ya faɗi ba ya tashi. Babu maganin da za a fesa ya miƙe. Aikin duka kafin zuba iri ake yinsa, sai kuma a wajen ban ruwa.

Mu fara da ƙasa. Kada ku ɗebo daga fangalin da aka noma tumati ko tattasai ko albasa bara. Ku haɗa kashi biyu na ƙasa mai laushi, kashi ɗaya na rairayi, kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sarai, wanda ba ya wari kuma ba ya zafi in an tura hannu. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙona saiwa, ta wannan raunin cutar ke shiga. A tankaɗe da rariya.

Sai a kashe abin da ke ciki, kuma hanya biyu ce. Ta farko rana, wadda Allah ya hore mana a nan yankinmu na Adar. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a baza ƙasar kaurin santimita 15 zuwa 20, a jiƙa ta, a rufe da farar leda mai nuna abin da ke ƙarƙashinta, ba baƙa ba, a binne bakin ledar ta kowane gefe, a bar ta sati 4 zuwa 6. Ta biyu tururi, ga wanda lokaci ya ƙure masa. A zuba ruwa kaɗan a gindin rabin tano, wato gangar ƙarfe, a jera duwatsu, a ɗora ƙarfe mai huji, a aza buhun ƙasa mai laima a kai, a rufe, a hura wuta. Ana so tsakiyar ƙasar ta kai digiri 80 ta zauna haka minti 30. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya tura ƙaramin dankalin turawa a tsakiyar buhun, in ya dahu aiki ya yi. Ban ce a soya ƙasa a busasshen kasko ba, zafin da ya wuce kima yana fitar da abubuwan da ke cutar da tsiro. In ta huce a ajiye ta cikin buhu mai tsabta. Wanda ya juye ta a tsakar gida ya maido abin da ya kora.

Mazubi ma haka. Ko farantin roba mai gurabe ne, ko yankakken bido, in an taɓa aiki da shi a wanke da sabulu har ƙasar ta fita tas, sannan a jiƙa minti 30 cikin ruwan jabel, wato bilic na wanki, awo ɗaya na jabel a awo tara na ruwa, a ɗauraye, a shanya. Jabel ba ya aiki a kan datti, shi ya sa sabulu ke gaba. Kowane mazubi a huda gindinsa da kyau, a ɗora shi kan katako ko bulo don ruwa ya tsiyaye.

Iri kuwa, in kun buɗe fakiti kun ga yana da launin ja ko shuɗi, an riga an shafa masa magani, kada a wanke. Wanda kuka cire da kanku daga tumatin garka shi ke buƙatar kulawa. Ana sa shi cikin ruwa mai digiri 50 na minti 25, a tsoma a ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Wannan kam sai da ma'aunin zafi, don digiri biyu ko uku a sama na iya kashe irin. Ko kuma a gauraya shi da garin maganin iri kamar Apron Star, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin fakitin, da leda a hannu, nesa da yara da kwanon abinci.

Wajen zubawa kada a cunkusa. Giram ɗaya na irin tumati ya kai ƙwaya 300, amma sai ka ga an watsa shi cikin ɗan kwano. A faranti, ƙwaya ɗaya a gurbi ɗaya. A akwati, layi-layi da tazarar santimita 10, zurfi kada ya wuce santimita ɗaya. Irin da aka binne da zurfi yana daɗewa a ƙasa, kuma kowace ranar da ya ƙara dama ce ga cutar. A yayyafa siririn rairayi mai tsabta a sama, yana saurin bushewa ya bar wuyan tsiro a bushe. Buhu ko ciyawar da aka rufa a ɗauke su ranar da tsiron farko ya leƙo.

Yanzu ga inda aka fi asara, wato ruwa. Tausayi ke kashe tsiro a nan. Mutum ya ba da ruwa da safe, ya ƙara da azahar, ya sake da magariba, ƙasa ta kwana jagab, a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. A garka rana da iska na gyara wannan kuskure, a ɗaki babu mai gyarawa. Ku ba da ruwa da safe kawai, kuma sai kun tura yatsa kun ji saman ya fara bushewa. Mafi kyau a shayar ta ƙasa: a ajiye farantin cikin ruwa mai zurfin santimita 2 na kamar minti 10, a ɗaga. Ruwan famfo ko na rijiya, ban da na tabki, don Fitiyom na zama a cikinsa. A buɗe taga, in akwai fanka a kunna kaɗan. A fitar da su su sha hantsi, domin tsiron da bai samu haske ba dogo yake yi siriri, shi ne kuma farkon faɗuwa. Takin zamani na ure a jinkirta shi har sai ganyen gaskiya, wato wanda ke biyo bayan ganye biyu na farko, ya fito. A watan Disamba da Janairu, da sanyin dare ke rage saurin tsirowa, a ƙara rage ruwan.

Wata dattijuwa ta tambaya ko toka na magani, kuma me za a yi in cutar ta riga ta shiga.

Inna, toka na busar da saman ƙasa, iyakarta ke nan, in ta yi yawa ma tana ƙona tsiro. In kin ga sun fara faɗuwa, ki fara duba gindin. In an datse shi ne kamar da wuƙa, gyare ne ko tsutsa. In ya yi fari ya bushe ta gefen rana, zafin rairayi ne. In ya jiƙe ya sirance, cutar ce. Ki kwashe waɗanda suka faɗi tare da ƙasarsu da na kusa da su kamar faɗin tafin hannu, ki zubar nesa, kada ki sa a ramin taki. Ki raba wannan mazubin da sauran, ki wanke hannu, ki tsai da ruwa kwana ɗaya ko biyu, ki fitar da shi iska. In abin ya ci rabin mazubi, kada ki dasa sauran, saiwarsu ta riga ta taɓu. Tumati kwana 25 zuwa 30 yake yi kafin dashe, sake zubawa cikin sabuwar ƙasa ya fi miki sauƙi.