Kwana a kan bishiya a gandun dajin Aberdare

Ku dubi wannan tafki. Da rana sau da yawa ba abin da ke wurin sai laka da sawun dabbobi. Da zarar magariba ta kawo jiki, giwaye kan fito daga kurmi ɗaya bayan ɗaya, ɓauna na biye da su, wani daren har da karkanda. Ruwa ne ke kawo su, da kuma gishirin da ke cikin ƙasar wurin. Giwa takan sa haurenta ta tone ƙasar, ta ɗebo da hancinta ta kai baki, kamar yadda shanu ke rububin kanwa.

Nan ne gandun dajin Aberdare da ke tsakiyar Kenya, kusa da garin Nyeri, kuma ginin katakon da ke kallon tafkin shi ne masaukin Treetops.

A 1932 wani Bature, Eric Sherbrooke Walker, ya ɗora ɗakuna biyu kacal a kan wata tsohuwar bishiyar ɓaure, don baƙi su kwana a sama su kalli namun daji ba tare da an kora su ba. Da tsani ake hawa.

Daren 5 ga Fabrairun 1952 Gimbiya Elizabeth ta Ingila ta kwana a nan. A wannan daren mahaifinta, Sarki George na shida, ya rasu a Sandringham, gidan sarauta da ke Ingila. Ta hau tana gimbiya, ta sauko tana sarauniya, ita kanta ba ta sani ba sai da labari ya iske ta a masaukinta na Sagana, a nan Kenya.

Wannan labarin kowa ke ba baƙi. Amma akwai na biyu, kuma ni a ganina bai kamata a tsallake shi ba. Wannan dajin ne ya ɓoye mayaƙan Mau Mau da suka tayar wa mulkin mallakar Birtaniya, kuma a 1954 suka banka wa ɗakunan wuta. Wanda kuke gani yanzu an gina shi a 1957, a kan dogayen ginshiƙai, a bakin tafkin dai.

To yaya ake kwana? Da haƙuri. Ana kunna fitilu su haske bakin ruwa, baƙi su zauna a baranda suna magana ƙasa-ƙasa, domin ƙara kaɗan kan mayar da garke cikin daji. Wanda barci ya ci ƙarfinsa, ƙararrawar ɗakinsa za ta tashe shi idan wata babbar dabba ta iso.

Wurin yana kan tudu, kusan mita 2,000 sama da teku, don haka dare yana da sanyi sosai. Ku riƙo rigar sanyi mai kauri. Ɗakunan ƙanana ne, ƙaramar jaka ta isa. Kuma kada ku sauko ƙasa ku kaɗai, ko da kun ga wurin shiru, domin ɓauna ba ta gargaɗi.