Kafin a sayar da gona don kwas ɗin tuƙin jirgi

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar ta iyayenmu ce na karkara, daga Gezawa har Ringim, waɗanda Allah ya ba ɗansu lasisin tuƙin jirgin sama amma har yanzu yana zaune a gida.

Ga yadda abin yake zuwa. Yaro ya gama makaranta, ko a Zariya, inda kwalejin koyon tuƙin jirgi take tun 1964, ko a Ilorin, ko a waje. Ya dawo da lasisin tuƙi na kasuwanci da awa kamar 200 na tashi sama a littafinsa. Shekara ta zagayo, shiru. Sai ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, saura kwas ɗaya, in na yi shi za a ɗauke ni." Kuɗin kuwa dubban daloli ne. Sai ido ya koma kan gonar gado da shanun huɗa.

Baba, dakata tukuna.

Abin da kamfanin jiragen sama ke fara dubawa awoyin da yaro ya yi a sama ne. Babban lasisi, wanda kyaftin ke riƙewa, sai da awa 1,500. A Amurka ma tun 2013, bayan haɗarin da aka yi kusa da Buffalo a 2009, mataimakin matuƙi sai ya kai wannan adadin, in ban da wasu 'yan rangwame. Mu a Najeriya doka ba ta hana ɗaukar mai awa 200 ba, sai dai kujerun kaɗan ne, masu nema kuwa sun yi yawa. Ku tuna matasa 100 da gwamnatin Kano ta tura Jordan a 2013. Sun koyo, sun dawo, da yawansu suka daɗe suna jiran aiki.

To, kwas ɗin da ake magana shi ne na ƙwarewa a kan samfurin jirgi guda, misali Boeing 737. Gaskiya ba a tuƙa babban jirgin fasinja sai da shi. Amma kusan duka a cikin na'urar kwaikwayon jirgi ake yinsa, a ƙasa, don haka awoyin yaro suna nan inda suke. Kuma na 737 ba ya aiki a kan jiragen Embraer ko ATR. In ya biya na wancan, kamfanin da ya buɗe ƙofa kuma wannan yake da shi, an yi ba a yi ba ke nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙwarewar tana da wa'adi: duk shekara sai an sake gwaji, in ba kamfanin da ya ɗauke shi, daga aljihun gida za a sake biya. Ga takardar lafiya ita ma.

Akwai wanda ya fi araha, na koyon aiki tsakanin matuƙa biyu. Wannan yana taimaka wa yaro ranar gwajin ɗaukar aiki.

Akwai kuma masu cewa ka biya su sa ka a jirgin fasinja ka tara awa. Kai ke aiki, kai ke biya. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan.

Yaushe kwas ɗin ke da amfani? Idan kamfani ya riga ya gwada yaron, ya ba shi takardar ɗauka a rubuce, ya faɗi samfurin jirgin. Wasu kamfanonin su ke biya, su ɗaure shi da yarjejeniyar aiki na wasu shekaru. Sannan a tabbatar hukumar NCAA, mai kula da harkar jiragen sama a Najeriya, ta amince da makarantar.

In babu wannan takardar, Baba, ka tambaye shi batun lasisin koyarwa. Mai koyar da ɗalibai yana hawa sama, ana rubuta masa awa, ana kuma biyansa albashi.