Saba Ta Ƙi Tashi Bayan An Goge Mata Fayiloli: Me Ake Fara Yi?

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Kaduna. Hadiza ce, ga Malam Sani a gefena, ga kuma Bashir da ya shigo yanzu yana share gumi.

Bashir: Cunkoson titin Ahmadu Bello ne ya riƙe ni, Anti Hadiza. A yi haƙuri.

Hadiza: Ba komai. Saƙo muka samu daga wani matashi da ke kula da sabar wata makarantar kuɗi a Barnawa, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanansu. Ubuntu ce a kanta, wani nau'in tsarin Linux. Faifai ya cika, ya shiga share-share don ya samu wuri, hannunsa ya kai cikin /usr/lib, foldar da manhajojin tsarin ke dogara da ita. Daga nan duk umarnin da ya buga sai ta ce masa babu fayil ɗin. Hankalinsa ya tashi, ya kashe ya kunna, ita kuma ta ce atafau. Sakamakon jarrabawar ɗalibai duk yana ciki.

Malam Sani: Innalillahi. Ni kashewar nan ta fi gogewar yi mini ciwo.

Bashir: Haba Malam, ai kowa abin da zai yi ke nan. In waya ta rikice kashewa ake a kunna.

Malam Sani: Waya ke nan, Bashir. A Linux, manhajar da ta riga ta tashi tana ci gaba da aiki ko an goge fayil ɗinta, don ta ɗauki abin da take buƙata ta riƙe. Rumbun bayanan makarantar nan yana raye a lokacin. In an buɗe masa ƙofar sadarwa, daga wata kwamfuta za ka kwashe komai cikin kwanciyar hankali. Tagar SSH da yake ciki, wato hanyar shiga saba daga nesa, ita ma dukiya ce, in ya rufe ta sabuwa ba za ta buɗu ba. Umarnin da ke jikin bash, manhajar da ke karɓar abin da kake bugawa, su cd da echo, suna nan suna aiki. In an taki sa'a akwai BusyBox, fayil ɗaya mai ɗauke da umarni da yawa, irin wanda ba ya dogara da kowa, to ga cp na kwafi ga ls na jero fayiloli sun dawo.

Hadiza: Tsaya Malam. Abin da ya ɗaure mini kai, ya ce bai taɓa ls ba, amma ta ce babu shi.

Malam Sani: Yana nan daram. Kusan kowace manhaja a Linux ba ta tashi ita kaɗai, sai wani ɗan fayil mai suna ld-linux ya haɗa ta da libc, wato taskar da kowa ke ɗiba a ciki. In ld-linux ya ɓace, kanel, wato zuciyar tsarin, zai neme shi ya rasa, ya ce babu fayil, amma ba zai faɗi wanne ba. Kai kuma sai ka zaci ls ake nufi.

Bashir: To yanzu dai aikin gama ya gama, ya riga ya kashe.

Malam Sani: To sai a karanta allo, don inda ta tsaya shi ke nuna inda ciwon yake. In ka ga grub rescue, GRUB ne, manhajar da ke tayar da kanel, ya rasa fayilolinsa a /boot. In kanel ya firgita ya ce ya kasa ɗaura tushen faifai, galibi initramfs ne, ɗan ƙaramin tsarin da ke taimaka masa ya kai ga faifan, ya ɓace ko ya lalace. In ya ɗaura faifan amma ya ce ya rasa init, to systemd ne, manhajar farko da ke tayar da sauran, ya kasa tashi, kuma a labarin yaron nan kusan na tabbata wannan zai gani. In kuma ta kai ka yanayin gaggawa tana neman kalmar sirri, duba /etc/fstab, jerin faifan da ake ɗaurawa lokacin tashi, wannan ne mai sauƙin ciki.

Hadiza: Sai a kawo filashi?

Malam Sani: Filashi mai Ubuntu, zubi ɗaya da wadda ke kan sabar. In 22.04 ce, 22.04 za ka kawo. Sabobin Dell da HP ma ba sai ka je wurin ba, ta iDRAC ko iLO, na'urar sarrafa saba da ke jikinsu, za ka cusa mata daga nesa. Amma kafin ka taɓa komai, kwafi faifan gaba ɗaya zuwa wani faifai da ddrescue.

Bashir: Wannan fa zai ci awanni, ga shugaban makaranta a tsaye a kanka.

Malam Sani: Ya tsaya. Ka ba shi kujera ma. Duk rubutun da ka yi a faifan nan yana iya hawa kan abin da aka goge, kuma in gyara ya karkace, ina za ka koma? Sannan ka tabbatar inbata na da caji ko janareta na da mai. A ɗauke maka wuta ana tsakiyar girka libc, ka ƙara wa kanka aiki.

Bashir: Daga nan kam na iya. A ɗaura faifan a /mnt, in da LVM, wata hanyar rarraba faifai, a fara buga vgchange -ay, don Ubuntu ta saba haka take zuwa in ba ka canza ba. A jona /dev da /proc da /sys, sai chroot. Kamar dai bakanike ya kawo batirin wata mota ya tayar da taka, kanel na filashi ne, amma kana zaune cikin tsohon tsarin.

Malam Sani: Madalla. Sai dai a nan chroot zai ƙi ka.

Bashir: Don me?

Malam Sani: Wane bash zai buɗe maka? Na cikin faifan. Shi kuma me yake nema?

Bashir: Au. libc.

Malam Sani: Yauwa. Nan ne mutane ke karaya su ce a goge a sake zubi. Alhali daga waje ake farawa. Ka samo ƙunshin libc6 daidai da lambar wanda aka girka, za ka ga lambar a /var/lib/dpkg/status. Wani lokaci yana nan a /var/cache/apt/archives, in babu ka sauke. Ka warware shi da dpkg-deb -x. Amma ku saurara da kyau, kada a warware shi kai tsaye a kan /mnt. A Ubuntu ta yanzu /lib da /bin ba foldoji ba ne na gaske, nuni kawai suke yi zuwa cikin /usr. Warwarewar tana iya cire nunin ta kafa folda a gurbinsa, sai ka lalata abin da a da lafiyarsa ƙalau. Ka warware a wani wuri da babu komai, sannan ka kwafa zuwa /mnt/usr/lib da hannunka. Bash ma yana da nasa 'yan buƙatun, irin su libtinfo, su ma haka za ka yi musu.

Hadiza: To shi da bai san iya abin da ya goge ba fa? Dubbai ne a wurin.

Malam Sani: Ba sai ya tuna ba, Hajiya, dpkg, mai girka manhajoji a Ubuntu, ya tuna masa. Yana da rajistar kowane fayil da ya taɓa girkawa. Ka buga dpkg --verify, zai jero maka duk wanda ya ɓace, dpkg -S ya faɗa maka ƙunshin da ya fito, sai apt install --reinstall. Masu Red Hat da danginta rpm -Va ne nasu. In apt ya ce ba ya ganin intanet, resolv.conf na cikin chroot ne, fayil ɗin da ke faɗa wa tsarin inda zai nemi adireshin shafuka, ka gyara shi. A ƙarshe update-initramfs -u da update-grub, in GRUB ya taɓu a ƙara da grub-install, kuma mai UEFI, sabon salon tayar da kwamfuta, kada ya manta ɗaura /boot/efi tukuna.

Bashir: Ni fa Malam, da girmanka, har yanzu ina ganin sabon zubi ya fi sauri. Minti talatin ka gama.

Malam Sani: Ka gama me? Ka samu Ubuntu fara fat wadda ba ta san makarantar ba. Abin da ke /usr kowa na da irinsa, kyauta ne a intanet. Wanda babu a ko'ina shi ne /etc, da saituna da makullai da asusun ma'aikata, sai /var inda bayanan suke. Wanda ya saita su wataƙila ya bar aikin tuntuni, bai rubuta komai ba. Amma na ba ka gaskiya a wuri biyu. In /var/lib/dpkg ya tafi, rajista ta tafi, lalube za ka yi ta yi. In kuma ana zargin ɓarawon intanet ne ya yi gogewar, ba a yarda da wannan tsarin kuma, a kwashe bayanai a sake zubi.

Hadiza: Kada dai yaron nan ya ji kamar shi kaɗai ne. A 2015 manhajar wasanni ta Steam ta Linux ta goge wa mutane fayilolinsu, saboda layin umarnin gogewa na rm -rf guda ɗaya da aka bar gurbin sunan folda ya zo fanko.

Bashir: Ga kamfanin GitLab ma, mai ajiye wa masu haɗa manhaja aikinsu, ranar 31 ga Janairun 2017. Ma'aikacinsu ya goge kusan gigabait 300 na rumbun bayanai a sabar da ba ita ya nufa ba. Hanyoyin ajiyar kwafi biyar gare su, da aka duba babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, aikin awa shidan kuma ya tafi.

Malam Sani: Shi ya sa in mutum ya ce mini yana da RAID, wato haɗa faifai su yi aiki tare, nake tambayarsa kwafinsa fa. RAID goge maka zai yi a faifai biyu lokaci guda.

Hadiza: To ɗan'uwa na Barnawa, ka bar sabar a kashe. Ka kunna ta sau ɗaya kawai ka ɗauki hoton allon inda ta tsaya ka turo mana, ka kuma nemo faifan da girmansa ya kai na ciki ko ya fi.

Malam Sani: Ya duba .bash_history ma bayan ya yi kwafin. In an yi sa'a umarnin da ya buga yana nan, za mu san daga wace folda ɓarnar ta fara.

Hadiza: Sai mun ji daga gare ka. Mu kwana lafiya.