Ƙofar ma'ajiyar kaya ta ƙi buɗewa a Wikki

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Bauchi. Yau ina tare da Kawuna, wanda ya daɗe riƙe da sitiyari, da kuma Oganmu mai gyaran wayarin mota. Kawu, sannu da hanya. An ce kun sha fama a Yankari.

Kawu: Yawwa ɗana. Fama kam an sha. Motar maigidana ce, irin mai ɗakin kwana ɗin nan, da gado da kicin da banɗaki a ciki, ta hannu ce daga Amurka. Can ƙasa a gefenta akwai ma'ajiyar kaya guda shida, kowace da ƙofarta, kuma maɓalli ɗaya ke kulle su ya buɗe su. Muka ɗebi iyali, muka karya kwana a Dindima, la'asar ta yi mana a Wikki, wurin ruwan ɗumin nan na cikin Yankari. Yara na ta ɗokin faɗawa ruwa, na danna maɓalli, biyar suka buɗe, ɗaya ta kafe. A cikinta kuwa kular abinci da jakar maganin Hajiya suke. Har na ɗauko ƙarfen cire taya zan ɓanɓare ta, sai zuciyata ta ce kira Oga tukuna.

Oga: Alhaji, Allah ne ya taimake mu. Ƙofofin nan ba irin na bas ba ne, falle ne na alminiyam da soso a tsakiya. Ka lanƙwasa bakinta sau ɗaya, ba za ta sake zama daidai ba, ruwa da ƙura sun samu hanya ke nan, kuma ba a shiga kasuwa a ce a ba ni irinta.

Mai gabatarwa: To me ka fara ce masa?

Oga: Cewa na yi ya kara kunnensa a jikin ƙofar, yaro ya danna masa maɓallin. Tambayata ɗaya ce: ka ji motsi ko shiru?

Kawu: Na kuwa ji. Wani ɗan "ƙyat", sannan gurnani kaɗan, kamar abu na so ya tafi an riƙe shi.

Oga: Wannan ƙarar ita ta raba mana gardama. A bayan kowace ƙofa akwai ɗan ƙaramin inji mai aiki da wutar batir mai ƙarfin bolt 12. Wuta ta shige shi ta wannan waya, ya tura siririn ƙarfe ya kulle sakata. A juya wutar ta ɗaya wayar, ya janyo ya buɗe. Tunda ya yi ƙara, wuta na isa gare shi. Ba ruwanmu da fiyus, ba ruwanmu da batir. Wani abu ne ya danne sakatar. Sai na ce Alhaji ya sa gwiwa ya tura ƙofar ciki da ƙarfi, a danna maɓalli a lokaci guda.

Kawu: Nan take ta saki. Ashe gargadar hanya ce ta gangaro da kular ta jingina da ƙofar daga ciki, nauyinta ya matse harshen sakatar.

Mai gabatarwa: Ikon Allah. Shi ke nan magana ta ƙare?

Kawu: Ina fa. Bayan mun dawo da kwana biyu ta sake yi, alhali babu komai a ciki.

Oga: Shi ne ya kawo min ita gareji. Na buɗe da makulli, na kwance murfin da ke bayan sakatar. Abin da na gani ya ɓata min rai. Wani ya taɓa lafta mata giris, ƙurar hunturu ta bi ta manne, ya koma kamar kwaɓaɓɓen yumɓu. Ga kuma 'yar robar da ke riƙe siririn ƙarfen a jikin sakatar ta tsage, injin na ja amma ƙarfen na zamewa. Zafin watan Maris da Afrilu na garin nan yana busar da irin robar har ta riƙa karyewa kamar ƙwai. Na wanke da kananzir, na bari ta bushe sarai, na sa sabuwar roba, na fesa man silikon wanda ba ya kama ƙura. Masu sauraro, don Allah a daina zuba baƙin mai ko giris a sakatar da ke kusa da taya. Sati ɗaya za ta yi santsi, daga nan sai wahala.

Mai gabatarwa: Oga, da a ce shiru Kawu ya ji fa?

Oga: Sai in tambaya, ita kaɗai ce ko duka? In duka shidan suka yi shiru lokaci ɗaya, da wuya a ce injina shida sun mutu rana guda. Tushen za a nema. Irin motar nan batir kashi biyu gare ta, na tayar da inji daban, na ɗaki daban, kuma da yawansu akwai maɓallin yanke wutar ɗaki kusa da ƙofar shiga, yaro ma na iya taɓa shi da ƙafa. Shi za a fara dubawa. Sai a ɗora mitar auna wuta a batir: cikakke yana nuna wajen bolt 12.6, in ya sauko ƙasa sosai, fitila na iya kamawa amma ba ƙarfin jan sakata. Daga nan fiyus, sai rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kanta, sai wayar nagetib da aka ɗaure a jikin shasi, don tsatsa na cin wurin. In kuwa da rimot ne kawai ba ya yi, ɗan batirin cikinsa ne.

Kawu: In guda ɗaya ce ta yi shiru kuma?

Oga: Duba inda waya ta ratsa daga jikin mota zuwa ƙofa, wajen hinji. Buɗe-rufe na karya tagullar a ciki, robar waje na nan lafiya lau, ido ba zai gani ba. Ka ja ta a hankali, in ta miƙe kamar danƙo, a nan ta katse. Ni kwan gwaji nake sawa a bakin soket ɗin, ba mita ba, domin wutar ƙiftawar ido take zuwa ta ɗauke, kafin mita ta rubuta lamba an wuce wurin. Kwan ya haska amma injin bai motsa ba, to injin ne. Ka ba shi wuta kai tsaye daga batir, taɓawa kawai, ka juya wayoyin ka sake taɓawa. Kar a riƙe, zai ƙone. In ya mutu, sau da yawa irin mai waya biyu na santaral-lok, wato mai kulle ƙofofi gaba ɗaya, da ake sa wa ƙananan motoci yana hawa, in an daidaita tsawon ƙarfen.

Mai gabatarwa: Akwai abin da nake yawan gani, fiyus ya ƙone a naɗa masa waya a mayar.

Oga: Wannan shi ke hana ni barci. Fiyus ba ya ƙonewa a banza, wani wuri waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Ka naɗa masa waya, ko ka cire mai lamba 10 ka sa mai 30, wayar ce za ta yi zafi a madadinsa, a cikin motar da katako da katifa da tukunyar gas suke, mutane na kwance a ciki. A mayar da mai lambar da aka cire, in ya sake ƙonewa a bi waya a nemo ciwon.

Kawu: Ka tuna min da gas. Maigidana ya so a sa wa ƙofar tukunyar gas irin sakatar nan, don ita kaɗai ce ba ta da makulli.

Oga: Da gangan suka bar ta haka, Alhaji. Ƙa'idarsu ce a Amurka, ƙofar da ake bi a rufe kan gas ba a sa mata makulli, don in wuta ta tashi kowa ya iya kai hannu. Ga shi kuma ba a son abin da zai yi tartsatsi a wurin. Ka ba shi haƙuri, wannan aikin ba zan yi ba.

Kawu: Zan isar masa. Ni dai yanzu ɗan makullin hannun na raba shi da na cikin mota, yana aljihuna, maganin Hajiya kuma ya koma gaba kusa da ni.

Oga: Duba jikin makullin, in ka ga an buga CH751, irinsa ne a ɗimbin motocin nan, na wani yana buɗe na wani. Ko ya ɓata ana samu, amma kar a ajiye kuɗi ko takardu a wurin. Ka kawo ta ranar Asabar in wanke sauran biyar ɗin kafin hunturu ya kankama.

Kawu: In sha Allahu, da hantsi.