Jinyar Muzuruna Bayan Toshewar Fitsari

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo, barkanmu da warhaka. Ina yi muku magana daga Landan, kuma wannan da kuke gani kwance a kan bargo shi ne Goje, muzuruna, wanda bai daɗe da dawowa daga asibitin dabbobi ba. Idan kun dubi ƙafarsa ta gaba za ku ga an aske gashin wurin, to nan ne aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Toshewar fitsari ce ta kwantar da shi, kuma na ga ya dace in yi bayani a kanta, domin da yawa daga cikinmu muna kiwon kyanwa a cikin ɗaki a nan ƙasar waje ba tare da mun taɓa jin labarin wannan larura ba.

Larurar ta fi kama muzuru fiye da kyanwa mace, saboda hanyar fitsarinsa doguwa ce siririya, kuma tana ƙara tsukewa ta wajen ƙarshe. Abu ƙalilan ya isa ya rufe ta, ko dai yauƙi da ya haɗu da ƙananan ƙwayoyin gishiri ya zama toshi, ko tsakuwa da ta gangaro daga mafitsara, ko kumburi. Goje ya fara ne da yawan zirga-zirga zuwa akwatin yashinsa, wato inda yake fitsari da bayan gida, ya tsuguna ya yi ta yunƙuri, ya fito babu ko ɗigo, sannan ya koma gefe yana lasar gabansa yana kuka. Mutane da yawa idan suka ga haka sai su ɗauka taurin bayan gida ne, su ce bari a jira gobe, kuma wannan jiran shi ne yake kashe dabbar. Idan fitsari ya ƙi fita, ƙoda takan daina aiki, sinadarin fotasiyam ya taru a cikin jini har ya rikita bugun zuciya, kuma cikin awa 24 zuwa 48 lamarin yana iya kaiwa ga halaka. Saboda haka ko tsakar dare ne, asibitin gaggawa ake nufa.

A can an gwada jininsa, aka yi masa allurar barci, aka zura masa robar fitsari aka wanke mafitsarar, sannan aka bar robar a jikinsa yana karɓar ruwa har fitsarin ya fara washewa. Ba su sallame shi ba sai da suka cire robar suka ga ya yi fitsari da kansa.

To amma abin da nake so ya zauna muku a rai shi ne sallama daga asibiti ba ita ce warkewa ba. Likitar ta ja mini kunne cewa hanyar tana nan a kumbure, kuma a makonnin farko ne aka fi fargabar ta sake toshewa. Ku matso ku ga inda jinyar take a zahiri. Wannan akwatin yashinsa ne, kuma na zaɓi irin yashin da yake dunƙulewa idan fitsari ya taɓa shi, domin shi ne yake gaya mini gaskiyar halin da yake ciki. Safe da yamma nakan sa wannan cokali mai huji-huji in tace yashin, in duba yawan dunƙulen da girmansu kafin in zubar. Ga na yau, ya kusa kai girman ƙwan kaza, alhamdu lillahi. Da farko ƙanana-ƙanana yake yi a warwatse, wani lokaci da ɗan ja-ja na jini, kuma likitar ta ce ana samun haka na ɗan lokaci bayan cire roba, muddin fitsarin yana fita. Wanda ba a wasa da shi shi ne yunƙuri babu fitsari, ko amai, ko ƙin cin abinci, ko ya ɓuya ya yi lamo. Kuma kada wani ya ce zai matsa masa ciki don fitsarin ya fito, domin mafitsarar da ta cika ta yi tauri tana iya fashewa.

Sai batun ruwa, wanda ya fi komai ba ni aiki. Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta ƙasashe masu fari, shi ya sa ba ta faye jin ƙishirwa ba, mafi yawan ruwan jikinta daga abin da ta ci take samunsa. Busasshen abincin da ake sayarwa a buhu ruwan cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, alhali na gwangwani yakan kai kashi 75 zuwa 80. Yanzu na gwangwani kawai nake ba shi, irin na musamman da likita ta rubuta, sannan in ƙara masa ruwan ɗumi in dama. Irin wannan abinci yana narkar da wani nau'in tsakuwa, amma akwai wani nau'in da ba ya narkewa sai an yi aiki an cire, don haka gwaji ne yake nuna wanda ya dace. Na kuma ajiye kwanukan ruwa masu faɗi a wurare daban-daban, nesa da akwatin yashin.

Maganin rage zafinsa na ruwa ne, da ƙaramin sirinji marar allura nake ɗiga masa ta gefen baki. A nan ina roƙonku da babbar murya, kada a ba kyanwa farasitamol ko wani maganin ciwon jiki na mutane, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Akwai kuma damuwa, wadda likitocin dabbobi suke danganta ta da kumburin mafitsara. A can ƙasarmu kyanwa tana yawonta a tsakar gida, ta hau katanga, ta kama ɓera, ta tona ƙasa inda ta ga dama. Nan kuwa a bene take, ƙofa a rufe, ga ƙarancin motsi ga ƙiba. Saboda haka na ƙara masa akwatin yashi na biyu, na rage hayaniyar baƙi, kuma ina ware lokaci kullum mu yi wasa da zare. Na san wasu za su ce kuɗin da aka kashe ya yi yawa a kan mage, kuma gaskiya ne jinyar dabba tana da tsada a ƙasar nan, shi ya sa nake ba da shawarar a yi mata inshora tun tana lafiya. Amma mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, kuma ni ne na rufe wa Goje ƙofa, don haka haƙƙinsa yana wuyana.

Nan gaba kaɗan za mu koma a sake gwada fitsarinsa. Likitar ta ce idan toshewar ta yi ta maimaituwa, akwai tiyatar da ake yi a cire tsukakken ɓangaren hanyar a buɗe masa mafita mai faɗi, amma ba a fara kai wa nan sai abinci da ruwa da kwanciyar hankali sun gaza. Idan sakamakon ya fito zan kawo muku shi, in sha Allahu.