Ƙura, Wuta da Tantani: Hira kan Hedfon ɗin Stax

Aminu: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Garba, wanda ya daɗe yana gyaran amfilifaya da kayan sauti, ga kuma Zainab da ke aikin haɗa sauti a situdiyo. Malam, sannu da zuwa.

Malam Garba: Yauwa, Aminu. Sannunku da aiki.

Aminu: Zancenmu na yau a kan hedfon ne irin wanda ba ya da maganaɗisu a ciki sam, wanda ake kira electrostatic. Malam, in babu maganaɗisu babu koyil, me ke fitar da sautin?

Malam Garba: Tantani ne, na roba, siriri ƙwarai. Na cikin Stax SR-007 kaurinsa maikuron 1.35 ne (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali gashin kai ɗaya kan kai wajen maikuron 70. An ɗaure shi tamau kamar fatar kalangu, tsakanin faranti biyu masu huji-huji. Sai a ɗora masa caji na bolt 580 wanda ba ya canjawa. Sautin kuma a kan farantan ake turo shi, da ɗaruruwan bolt. Wannan faranti ya ja, wancan ya tura, sai tantanin ya motsa gaba ɗayansa a lokaci guda.

Zainab: Shi ya sa in ka ɗora shi a kai, har numfashin mawaƙi kafin ya buɗe baki kana ji. Abin da ke motsin ba shi da nauyi, ana cewa tsaya ya tsaya.

Aminu: Bolt 580 a gefen kunne? Ni wannan ne ya tsaya mini a rai.

Malam Garba: Kowa haka yake cewa da farko. Akwai rezisto, wato abin da ke rage gudun wuta, na miliyoyin om a kan hanyar cajin, wutar da za ta iya wucewa kaɗan ce ƙwarai. Haɗarin yana cikin amfilifayar da ke ba hedfon ɗin wuta, za mu zo wurin.

Aminu: To, Zainab, su waye ke ƙera su?

Zainab: Uban tafiyar shi ne Stax na Japan. Naotake Hayashi ya kafa kamfanin a 1938, kuma SR-1 da suka sa a kasuwa a 1960 shi ya buɗe wannan hanya. Kamfanin ya durƙushe a 1995, ya sake tashi, sannan Edifier na China ya saye shi a 2011, amma har yanzu a Japan ake aikin. Akwai Koss na Amurka da ESP/950, mai sauƙin kuɗi. Sai Sennheiser na Jamus da Orpheus na 1991, wanda guda 300 kawai aka yi. Wannan dai sai dai labari ga yawancinmu.

Aminu: To mu zo inda kuka saba ja-in-ja. SR-007 ko SR-009?

Zainab: Ni 009 nake so, kuma ba na ɓoyewa. Ya fito a 2011, yana da haske, yana tona komai. In ana gyaran murya, ƙaramin ƙas da leɓe ya yi zai nuna maka shi. Aikina ke nan, ina son abin da ba zai rufa wa faifai asiri ba.

Malam Garba: Ban musa ba, 'yata. Amma ki zauna da shi awa uku ki gaya mini ko kunne bai gaji ba. Shi 007, na 1998, sautinsa ya fi kauri da natsuwa. Masu cewa ya yi duhu, yawanci da ƙaramar amfilifaya suka ji shi. Yana cin wuta. Ki haɗa shi da babba irin Blue Hawaii ta HeadAmp, sai ki ji kamar ba shi ba.

Zainab: Ai nan gizo ke saƙar, Baba. In sai na sayi amfilifaya da ta fi hedfon ɗin tsada kafin ya yi daɗi, dole in sa wannan a lissafi.

Malam Garba: Wannan gaskiya ce, ba ni da ta cewa.

Aminu: Malam, mu koma gyara. Me aka fi kuka da shi?

Malam Garba: Kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Wannan ita ce cutar duk irin waɗannan na'urori, ko na wane kamfani. Mutum na jin haka sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauko sukundireba. Ni kuwa abin da nake roƙo shi ne kada a buɗe. A fara sanin inda laifin yake. A gwada wani hedfon a amfilifayar, don sau da yawa maɓallin ƙara sauti ne ya yi datti, ko wani tsohon kwandansa, abin da ke ajiye wuta, ya gaji. A duba waya wurin da take shiga kunne, nan take yawan karyewa daga ciki. In duk lafiya, a zare fulogin, a taɓa ƙafafunsa gaba ɗaya da yatsa don cajin da ya maƙale ya sauka, a ajiye shi ya kwana a wuri busasshe. Wasu da haka kaɗai suke dawowa daidai.

Aminu: In bai dawo ba fa?

Malam Garba: To sai a yi zargin maganin da aka shafa wa tantanin, wanda ke riƙe caji. Yana tsufa, laima kuma tana ɓata shi. Ko kuma ƙura ta shiga. Ka tuna tazarar da ke tsakanin tantani da faranti wajen rabin milimita ce. Silin gashi guda ya gitta wurin, sai ka ji tsiii ko ƙas-ƙas ba tsayawa, wuta tana zurarewa ta kansa. Akwai wata leda siririya gaba da baya da ke tare ƙura. Duk wanda ya huda ta ya gama da hedfon ɗinsa.

Zainab: Mu nan kuma ga hunturu. Abu mai caji jawo ƙura yake da kansa. Ni nawa ba ya kwana a fili, daga kai sai cikin murfinsa. Da damina kuma ba na ɗora shi a kan jiƙaƙƙen gashi ko gumi.

Aminu: Ana iya canza tantanin kuwa?

Malam Garba: Ana yi. Akwai masu sayen ledar Mylar ta maikuron biyu ko ƙasa da haka, su ja ta a kan firam, su manna, su shafa mata magani. Amma wuyar tana wurin jan. Ya yi sako-sako, sai ya manne da faranti. Ya yi tauri da yawa, bes ya gudu. Sannan dole kunne biyun su zo daidai da juna. Wanda zai koya ya fara da mataccen tsohon hedfon ɗin Stax samfurin Lambda, kada ya fara da abin miliyoyin naira.

Aminu: Zainab, na ji ana zancen toshe wani rami a 007.

Zainab: Eh, a samfuri na biyu ne, na 2007. Na farkon a rufe yake ruf, shi ya sa in ka danna shi a kai ko kana tauna abu, iska takan matse tantanin ya yi ɓarar-ɓarar. Sai aka bar 'yar kafa kusa da inda waya ke shiga don iskar ta fita. Ƙarar ta ragu, amma masu kunne suka ce bes ɗin can ƙasa ya ragu, na tsakiya ya kumbura. Sai suka riƙa cire kushin, su toshe kafar da ɗan Blu-Tack, wani ɗanƙo mai mannewa. Ni ina goyon bayan wannan, don in bai yi maka ba, ɓamɓarewa za ka yi ka koma yadda kake.

Malam Garba: Irin wannan na yarda da shi. Haka canza kushin. Tsohon kushin da ya lotse yana matso da kunne kusa, iska tana zurarewa ta gefe, sautin ya lalace, mutum ya ɗauka cikin ne ya mutu. Soson da ke cikin tsoffin Lambda ma yakan ruɓe ya zama gari, dole a kwashe shi a hankali. Abin da ba na so shi ne ƙara bolt. Tsoffin Stax masu fulogi mai ƙafa shida bolt 230 suke ɗauka. Na ƙafa biyar, da suka fara daga 1982, su ne na 580. Da gangan aka yi yadda mai shida ba zai shiga soket mai biyar ba. Sai wani ya yanke ƙafar tsakiya don ya ji ƙara. Wuta ta yi tsalle tsakanin faranti da tantani, ta ƙona masa huji. Wannan ba ya gyaruwa sai da sabon tantani.

Aminu: Ka ce za mu dawo kan amfilifaya.

Malam Garba: Ƙwarai. Kwandansan cikinta suna riƙe ɗaruruwan bolt bayan an kashe ta, kuma wannan wutar tana kisa. Wanda bai iya sauke su ya auna da mita ba, kada ya cire murfi. Sannan mai sayen na hannu daga Japan ya karanta bayanta. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu 230. Ka soka ta kai tsaye, taransifomar ciki ta tafi. A nemi sitef-dawun mai ba da 100 cif, don yawancin na kasuwa 110 suke bayarwa.

Zainab: Kuma a haɗa da sitabilaiza, musamman mai aiki da janareta.

Aminu: Madalla. Malam Garba, Zainab, na gode. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.